Burtsatsen unguwa da zaman kansiloli

A Kamaru akwai ƙananan hukumomi 360, kuma jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su fitar da magajin gari a tsakaninsu. Zamansu na kasafin kuɗi a buɗe yake, amma ka leƙa a Garwa ko Marwa, da wuya ka ga ɗan unguwa. A wannan zaman ne ake yanke wace unguwa za a haƙa wa burtsatse.

Haƙawar ba ita ce wahala ba. Robar famfo ke cinyewa, ruwa ya ɗauke, kowa ya zuba ido. Tun kafin a kafa famfo a naɗa kwamiti, kowane gida ya riƙa ba da kuɗin wata, a rubuta a littafi. Ma'aji daban, mai riƙe makulli daban, kuma kada su fito gida ɗaya.