Daga Gidan Birla Zuwa Raj Ghat

A birnin Delhi akwai titin da ake kira Tees January Marg, sunan da ya samo daga ranar 30 ga Janairu, 1948, ranar da aka harbe Mahatma Gandhi. Can na sa mai babur mai ƙafa uku ya kai ni da hantsi, domin na daɗe ina son ganin wurin da aka ce ya furta kalamansa na ƙarshe.

Gidan na attajiran Birla ne a da, yanzu ya koma gidan tarihi mai suna Gandhi Smriti. Nan ya yi kwana 144 na ƙarshen rayuwarsa. Ɗakinsa babu wani tarkace, katifa ce a ƙasa da 'yan kayansa da ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sawun ƙafa da aka yi da siminti, daga ƙofar ɗakin har zuwa filin addu'a. Na bi gefensu a hankali. Tsoho ne mai shekara 78, ya fito dafe da kafaɗun Manu da Abha, 'yan mata biyu daga danginsa, ya ɗan makara zuwa addu'ar yamma, sai Nathuram Godse ya ratso taro ya ɗirka masa harsashi uku. Inda sawun ya ƙare an kafa ginshiƙi.

Da la'asar na wuce Raj Ghat a gefen kogin Yamuna, inda aka ƙone gawarsa washegari. Sai an cire takalmi ake shiga. Baƙin dutse ne shimfiɗe, wuta na ci a kansa dare da rana, an rubuta "He Ram", kiran sunan abin bautarsa da aka ce da shi ya cika.

Ana gardama a kan wannan. Sakatarensa Kalyanam, wanda yake kusa a lokacin, ya ce shi bai ji ba. A cikin ƙarar bindiga da ihun jama'a, wa zai rantse da abin da kunnensa ya kama? Ni dai gardamar ba ta rage mini komai ba. Kwana goma kafin a harbe shi an tayar da bam a filin addu'ar gidan Birla, amma Gandhi ya ƙi yarda 'yan sanda su riƙa binciken masu zuwa addu'a, ya kuma ci gaba da fitowa kowace yamma.