Godiya ga masuntan Tiga da duk wanda ya sa hannu a gasar kamun kifinmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana biyar da dawowarmu daga Tiga, sai yanzu hankalina ya dawo jikina har na iya zama in rubuta wannan. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba, da waɗanda suka zo gida dubiya suka tarar ba na nan, ku yi mini afuwa. Ɗan yayana da ya suma a ruwa ranar gasar ya samu sauƙi. An sallame shi ranar Lahadi da yamma, yana cin abinci, jiya ma shi ya riga ni zuwa kasuwa ya buɗe rumfa. Alhamdu lillahi.

Da yawa hotuna kawai kuka gani a Facebook, ba ku san mafarin abin ba. Ni sana'ata kifi, ɗanye da banda, kuma gadonta na yi. Abin da nake ci da iyalina a cikin birnin nan daga hannun masunta yake fitowa, na Tiga da na Bagwai da na Ƙaraye. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai. Ya taso daga ƙauyen Badau, yawancin waɗanda ke ciki ɗaliban Islamiyya ne za su tafi Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29. Na je ta'aziyya a lokacin, domin akwai waɗanda muke hulɗa da su a can. Abin da na gani a tsakar gidajen nan bai taɓa barina ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da zancen ruwa ya taso a majalisarmu ta bayan isha'i a Fagge, sai in ce da za mu haɗa kuɗi mu sayi rigunan kariya daga nutsewa mu kai wa masu fito. Kowa ya ce ƙwarai kuwa, a sha shayi a watse. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta.

Wanda ya tayar da mu daga barcin nan yaron nan ne, ɗan marigayi yayana, wanda ya tashi a hannuna. Wata rana ya miƙo mini waya ya ce, "Baffa, kalli yadda suke tara kuɗin taimako a Amurka da Ostireliya." Mutane ne kowa a cikin ɗan ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda suke kira kayak, da filafili mai baki biyu a hannu da sandar fatsa a gefe. Kowa ya biya kuɗin shiga, a yi gasa, kuɗin ya tafi gidan marayu ko asibiti. Wasu kuma masu nutso ne ba tukunyar iska, numfashi ɗaya mutum zai ja ya riƙe, ya bi kifi da mashi a ƙarƙashin ruwa. Yaron ya karanta abin sosai. Shi ya gaya mini asalin kayak na mutanen Inuwit ne na ƙasashen ƙanƙara, irin su Girinlan da arewacin Kanada, da fatar dabbar ruwa suke rufe shi su fita farauta. Na ce masa mu ai ba baƙi ba ne a harkar. Tun 1934 ake bikin Argungu, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma a bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Ya ce, "To Baffa, me ya hana mu?" Ban samu amsa ba.

Farkon wanda zan gode wa, bayan Allah, shi ne dattijon masuntan wurin da muka yi gasar, wanda kowa ke ce wa Baba. Ranar da muka fara zuwa wurinsa da goro, mun tarar da shi a gindin bishiya yana ɗinkin koma. Ya bari muka gama bayani kaf, bai katse mu ba, bai kuma ajiye allurar ba. Sannan ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, a ina ka koyi ruwa?" Yaro ya ce a wurin iyo na wani otal a cikin gari. Baba ya ce, "Wancan ruwa ne da kake ganin ƙasansa. Wannan akwai itatuwa a tsaye a cikinsa tun ranar da aka tare kogin, kuma akwai tsofaffin komaye da suka maƙale a jikinsu." Gaskiyarsa. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daji da gonaki ruwan ya hau ya zauna a kai. Mu mutanen birni mun san Tiga ta shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da ruwanta ke shayarwa, ba mu san abin da ke cikin cikinta ba.

Sharuɗɗa ya kafa mana, ya ce in ba mu yarda ba mu ɗauki goronmu. Ba mai hawa ruwa sai da rigar kariya, ko da a ruwa aka haife shi. A gama komai kafin azahar, saboda iskar da ke tasowa da rana. Kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi. Masu nutso kuwa ɗaya bayan ɗaya, a lungu guda da shi zai nuna, kuma kowane mai nutso da masunci a samansa yana kallonsa. A lokacin wasu daga cikinmu sun ga kamar takurawa ce, har da ni, saboda nutso ɗaiɗai zai ci lokaci. Allah ya sa ba mu yi gardama ba.

Ranar Asabar muka bar Kano bayan asuba, muka bi titin Zariya muka wuce Kura gari bai gama wayewa ba. Kwale-kwalen masunta 18 suka shiga, kowanne da ɗan birni ɗaya da ya biya kuɗin kujera. Kayak biyar muka samu, uku na aro, biyu wani ɗan'uwa da ke Legas ya aiko mana a mota, Allah ya saka masa. Abin kallo ne ganin masunci da ya shekara talatin yana tuƙi a tsaye ya zauna cikin ɗan jirgin roban nan. Zagaye biyu ya yi ya gane kansa, ya shige cikin ciyayin da babban kwale-kwale ba ya iya kusanta, ya fito da kifin nan ragon ruwa. A ƙasashen waje, an ce mini, da yawa auna tsawon kifin suke yi su ɗauki hoto su sake shi. Mu namu gwanjonsa muka yi a bakin ruwa, karfasa da kurungu da tarwaɗa, kuɗin ya shiga asusu. Tarwaɗar da ta zo ta ɗaya kilo 9 ce. Wani Alhaji daga Kantin Kwari ya saye ta da kuɗin da ya isa sayen tunkiya, ya mayar aka sake gwanjonta, wani ya saya ya sake mayarwa. Sau huɗu aka sayar da kifi ɗaya.

Sai aka zo nutso. Mutum bakwai ne, yarona na biyar. Ya sa gilashin ruwa da dogayen takalman iyo, ya riƙe bindigar mashi irin wadda danƙo ke harbawa. Baba da kansa ya ce shi zai tsaya a samansa. Yana zaune a bakin kwale-kwale da carbi a hannu, ashe ba tasbihi kaɗai yake yi ba, lissafi yake. Kowa ya nutse sai ya fara ja, ya san inda ya kamata carbin ya kai mutum ya ɓullo. Nutso biyu yaron ya yi lafiya. A na uku ina daga wani jirgin ina kallo, na ga yatsun Baba sun tsaya. Ya sunkuya ya ƙura wa ruwa ido. Can sai ga kan yaron ya taso, saura kaɗan ya fito, kamar kamu biyu, sai hannunsa ya saki bindigar, kansa ya langaɓe, ya fara komawa ƙasa a hankali. Ba ihu, ba fafutika, ba komai. Wallahi da ni ne a samansa, da na ɗauka wani kifin ya gani.

Baba ya jefar da carbi da hula ya faɗa. Tsoho ne da furfura har gira. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, ni dai na ji bakina yana ta innalillahi. Ya ɓullo da yaron, hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓarsa ya ɗaga fuskarsa sama da ruwa, ya fizge gilashin ya yar, yana hura masa iska a fuska yana cewa, "Ɗana, numfasa. Numfasa, ɗana." Leɓɓan yaron sun yi shuɗi-shuɗi. 'Ya'yan Baba biyu suka ja shi cikin jirgi, likitan da ke tare da mu ya hura masa numfashi baki da baki, sai ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya buɗe ido. Kalmar farko da ya faɗa ita ce, "Baffa, ina kifin?" Na zauna a ƙasan jirgi na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka binne mahaifinsa.

Likita ya yi mana bayani daga baya, kuma ina roƙon duk mai yaro da ke sha'awar nutso ya karanta wannan da kyau. Kafin nutso na uku yaron ya yi ta jan numfashi da sauri da sauri, wai don ya daɗe a ƙasa. Wannan ba ya ƙara wa jiki wani oksijin na kirki, iskar kabon kawai yake kora daga jini. Ita kuwa taruwar kabon ɗin ce ke sa mutum ya ji ya matsu ya fito ya shaƙi iska. In ka kore ta, ka kashe mai gargaɗinka, oksijin zai ƙare ba ka ji komai ba. Kuma yawanci a hanyar fitowa ake suma, dab da saman ruwa, daidai lokacin da na waje suka saki jiki. Shi ya sa masu wannan wasa a ko'ina ba sa nutso su kaɗai, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Baba bai taɓa jin sunan kabon ba. Ya ce shi dai mahaifinsa ya gaya masa kada ya ɗauke ido daga mai nutso sai ya ji ya yi magana.

Baba, na san ba ka Facebook, amma jikanka ya ce zai karanta maka. Amana ka tsamo mini. Da yaron nan ya tafi, ban san da wace fuska zan shiga ɗakin mahaifiyarsa ba. Na miƙa maka abin da ke aljihuna ka ture hannuna, ka ce in ƙara a kuɗin riguna. Allah ya ja kwananka, ya jiƙan mahaifanka, ya tsare zuriyarka a ruwa da tudu.

Yaya, mahaifiyar yaro, na gode da haƙurinki. Da na kira ki daga asibiti muryata na rawa, ke kika riƙa ba ni baki, kika ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Ki yafe mini, da na san abin da na sani yau da ban bar shi ya shiga ba tare da na zaunar da shi gaban likita ba.

Likitanmu ya bar hutunsa ya bi mu ba ko sisi, kuma shi ya dage sai an kwana da yaron a asibiti, domin wanda ruwa ya shiga huhunsa yana iya tashi garau, numfashi ya rikice masa bayan awanni. Ma'aikatan jinyar da suka karɓe mu ba su tsaya tambayar kati ba sai da suka sa masa oksijin. Allah ya biya ku. Haka hukumar da ke kula da dam ɗin da ta ba mu izini, da mai gari, da jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana da suka yini a rana tare da mu. Matan masunta tun daren Juma'a suke aikin tuwo da miyar kifi, suka ciyar da baƙin da ba su taɓa gani ba. Matanmu na gida sun haɗo zoɓo da kunun aya. 'Yan'uwana 'yan kifi, 'yan Kwari, 'yan Singa, 'yan waya na Farm Centre, da ɗan sahun da ya tsayar da ni a Ƙofar Mata ya ba ni naira 500 ya ce a sa da shi, duk na gode. Hajiyar da ta aiko da kuɗin riguna 20 ta ce kada a ambace ta, ban ambace ki ba, Allah ya san ki.

Akwai abu ɗaya da ya ɓata mana rai, kuma wajibi ne in faɗa tunda kuɗin jama'a ne. Kashin farko na rigunan da muka saya, da Baba ya sa aka gwada su a ruwa, wasu soso ne kawai a ciki, suka sha ruwa suka yi nauyi. Irin wannan riga gara babu, domin mai ita zai saki jiki. Mun mayar wa wanda ya sayar mana, bayan kai ruwa rana ya dawo da kuɗin. Ba zan kama sunansa ba, amma ya ji tsoron Allah. Yanzu kowace riga sai an jefa ta a ruwa da mutum a ciki kafin mu biya.

Abin da aka tara ya isa riguna 120. Mun yanke 70 su zama na yara, saboda yawanci na manya ake sayowa, yaro kuwa in ya sa ta babba yana faɗawa ruwa zai zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Za a raba su tsakanin masu fito na Tiga da na Bagwai, a hannun shugabannin masunta, kuma za mu riƙa komawa muna dubawa ko ana sa su, kada su zama matashin kai. Cikakken lissafi da rasidai suna wurin ma'ajinmu, an kuma tura a zaurenmu na WhatsApp, duk wanda ya ba da ko nawa ne yana da haƙƙin ya gani.

An bar kula ɗaya shuɗiya da takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin ruwa, suna rumfata, mai su ya zo ya karɓa. Ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya kai mu, ni da yaron za mu koma Tiga gaida Baba. Carbinsa ya tafi a ruwa ranar, yaron ya sayo masa wani a Kurmi da kuɗinsa, ya ce da hannunsa zai miƙa masa. Akwai wurin mutum biyu a motar ga mai son zuwa.