Arthur, gari mai mutum 128 kuma hedikwatar gunduma

Aikin duba rijiyoyin shayar da shanu ne ya kai ni Arthur, a yammacin jihar Nebraska ta Amurka. Daga garin Ogallala na kama hanya mai lamba 61 na yi arewa. Da na wuce tafkin McConaughy sai tuddai suka fara, babu gona, itace ma sai jefi-jefi. Wannan shi ne yankin Sandhills, yashin da iska ta tara tun zamanin da, ciyawa ta lulluɓe shi ta riƙe. Ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar.

Garin kansa da ƙafa na zaga shi, ko gumi ban yi ba. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 117 a ciki, ta 2020 kuma 128. Gundumar gaba ɗaya mutum 434 ne a fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,860, wato kowane mutum ya tashi da sama da murabba'in kilomita huɗu. A wurinmu taron suna ɗaya ya fi haka cika. Amma a garin ne kotu take, nan ake rajistar filaye, nan ake biyan haraji.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, adadin mutane a nan ƙasa ce ta yanke shi. Ruwa ba matsala ba ne, don akwai shi jingim a ƙarƙashin yashin, kuma famfunan da iska ke juyawa suna cika kwamin shanu dare da rana. Matsalar garma ce. Da zarar an kece ciyawar, iska ta samu ƙofa, sai ta yashe wurin ta bar rami. Dokar Kinkaid ta 1904 ta ba duk mai son zama eka 640, mutane suka yi ta kwararowa, har gundumar ta haura mutum dubu a 1920. Noma ya ƙi, eka 640 kuma ba ta isa garken da zai riƙe iyali ba. Da yawa suka sayar suka tafi, filayen suka taru a hannun makiyaya ƙalilan. Shi ya sa mafi yawan jama'ar ba a garin suke ba, kowa yana can cikin makiyayarsa, tsakaninsa da maƙwabci tafiya ce ta mota.

Ƙarancin itace ma ya bar shaida. Akwai cocin da aka gina a 1928 da dammunan kara da aka matse, aka shafe su ciki da waje, kuma yana nan tsaye. Tsohon ginin kotu na 1914, mai faɗin ƙafa 26 da tsawon ƙafa 28, ya yi aiki har 1961 kafin a mai da shi gidan tarihi. Ni dai cocin ya fi burge ni.

Mai niyyar zuwa ya cika tanki tun daga Ogallala. In daga Lincoln, babban birnin jihar, ya taso, ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, don lokacin wuraren biyu ya bambanta. Kada ya sauka daga kan hanya da mota, yashin yana riƙe taya, kuma sawun da ya bari na iya zama mafarin zaizaya. Ƙofar shinge kuwa a bar ta yadda aka same ta, a buɗe ko a rufe, domin mai shanun ya san dalilinsa.