Haɗin biskit a fuskar tebur

Makon jiya na kammala wani teburin cin abinci wanda na haɗa fuskarsa da allunan katako huɗu, kuma a karon farko na yi amfani da haɗin da kafintoci ke kira biskit. Ɗan katako ne da aka danne, mai siffar ƙwai, kaurinsa milimita 4, wanda ake cusawa cikin ramin da inji ya yanka a gefen allunan biyu. Idan ya sha ruwan gam sai ya kumbura ya cika ramin.

Wani kafinta ɗan Suwizalan, Hermann Steiner, shi ne ya ƙirƙiro dabarar, kamfaninsa kuma shi ne Lamello. Cikin lambobi uku na girman biskit da aka fi sani, wato 0 da 10 da 20, na zaɓi 20 saboda allunan suna da kauri.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda allunan suka zauna daidai lokacin da na matse su, babu wanda ya zame sama ko ƙasa. A ƙafafuwan kuwa ban yarda da biskit ba, domin nauyi a nan yake sauka, sai na fafe rami na shigar da harshen katako kamar yadda maigidana ya koya mini.