Na ɗana MX-5, amma ina nan da Hilux ɗina

Abokina ya ba ni aron Mazda MX-5 ɗinsa, wallahi na ji daɗin tuƙi. Kujera biyu gare ta, tayoyin baya ke tura ta. Injinta ba wani na a zo a gani ba ne, amma ba ta da nauyi, kana murza sitiyari take shan kwana cikin natsuwa. Tun 1989 ake ƙera ta a Japan, ta hannu kuma ba ta faye tsada ba.

Sai dai jaka biyu sun cika but, cikinta kuma na gugar ƙasa in hanya ta lalace. Nan Hilux ta yi mata nisa.

Masu sayen motar waje, ku leƙa ƙarƙashinta tukuna. Gishirin da ake watsa wa titi a ƙasashen ƙanƙara yana cinye ƙarfe.