Rubutun da ke gefen taya: yadda ake karanta shi kafin a biya kuɗi

Yawancin masu sayen taya a kasuwar Panteka ta Kaduna zane suke dubawa. A sa yatsa, in an ji da zurfi sai a shiga ciniki. Amma taya kan zo da zanenta cif alhali robar ta riga ta mutu, kuma shekarunta na nan rubuce a jikinta.

Ka nemi haruffan DOT. Alamar ma'aikatar sufuri ta Amurka ce, dokar tarayyarsu ta wajabta ta a kan duk tayar da za a sayar a can, shi ya sa za ka same ta a mafi yawan tayoyin da ke shigowa nan. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. In lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin 2000, kada ma ka taya. Sau da yawa gefe ɗaya ne ke ɗauke da cikakkiyar lambar, don haka a juya maka ita. In ka ga wurin an kankare ko an goge, ka san akwai dalili. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, ba ranar da ka saya ba.

Sai babban rubutun, misali 195/65R15 91H. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wilinta inci 15. Wannan kowane mai faci ya sani. Wutsiyar ce ake tsallakewa: 91 na nufin kilo 615 ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka, H kuma iyakar gudu ce, kilomita 210 a awa; in T ce a wurin, 190. Direban da ke cika but da buhuna zuwa Zariya, lambar nauyin nan ta fi shafarsa.

Akwai kuma darajar jure zafi, A, B ko C. Da kwaltar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris da Afrilu, A ce ta dace, in ta gagara B. Tayar da ke da hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a ciki ta ƙasashen sanyi ce. Suna da yawa cikin 'yan Beljiyam, robarsu taushi gare ta, zafinmu kan cinye ta da wuri.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne iska. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51 PSI (ma'aunin ƙarfin iska), iyaka ce, ba abin da za a hura ba. Ainihin adadin na kan 'yar takardar da ke manne a jikin mota in ka buɗe ƙofar direba, ƙananan motoci galibi 30 zuwa 35. A gwada da safe kafin taya ta ɗau zafi. In iska ta yi yawa tsakiya ke cinyewa. In ta yi kaɗan, gefen ya riƙa lanƙwasa yana tara zafi har ta fashe ana cikin gudu, wannan kuwa shi ya fi kisa.

Cikin ramin zanen akwai 'yan tuddai masu tsayin milimita 1.6. Ranar da zane ya yi daidai da su, a cire ta, ko da shekararta ɗaya.