Farin baki ba farin ɗigo ba ne: abin da ya cinye min kifayen gupi

Har yau idan na ji an ce wa mai kifi "ƙara zafin ruwa zuwa digiri 30, ka zuba gishiri" alhali mai maganar bai ga kifin da idonsa ba, sai raina ya ɓaci. Shawarar nan ce ta cinye min fiye da rabin gupin gidana, ƙananan kifayen adon nan da ake kiwo a akwatin gilashi, a ƙarshen hunturun bara, har da mazan nan masu jar wutsiya da na daɗe ina zaɓa ina haɗa iri. Abin takaicin shi ne shawarar ba ƙarya ba ce. Ta taɓa yi min aiki, shi ya sa da aka sake ba ni ita ko tsayawa ban yi ba.

A Disamba aka fara. Akwatina na gilashi lita 60 ne, yana cikin falo kusa da taga, kuma kowa ya san daren hunturun Damagaram, sanyi kan sauko wajen digiri 15. Gupi kuwa ɗan ƙasa mai ɗumi ne, asalinsa ƙoramun Tirinidad da Benezuwela, jin daɗinsa tsakanin digiri 22 da 28. Da asuba ma'aunin zafina yakan nuna ƙasa da 20, da rana ya haura, kifi na ta shan hawa da sauka. Sai ɗigo ya fito musu, farare ƙanana kamar ƙwayar gishiri, kowane ɗigo zaman kansa, a wutsiya da fiffike da gadon baya, suna ta goga jiki a duwatsu. Wannan ita ce cutar farin ɗigo, ƙwaron da masana ke kira Ichthyophthirius multifiliis. Muddin yana maƙale cikin fatar kifi magani ba ya taɓa shi. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasan akwati, ya rufe kansa, ya rarrabu ɗaruruwa, ƴaƴan su fito suna iyo suna neman kifi, to a wannan ɗan tsakanin ne kawai gishiri ko magani ke kama su. Amfanin zafi shi ne ya gaggauta zagayen: abin da zai ɗauki makonni cikin sanyi sai ya ƙare cikin ƴan kwanaki. Na sayi hita mai ɗumama ruwa, na ɗaga ta a hankali har 30, na narka gishiri giram 3 a kowace lita, wato giram 180, na zuba shi kashi-kashi, na kuma ci gaba da hakan mako guda bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Ko kifi ɗaya ban rasa ba. Na yi ta ba da labari a fada kamar wani likitan kifi.

Ana shiga Maris wani ɗan kasuwa ya kawo sabbin gupi daga Kano, masu shuɗin wutsiya, irin da ban taɓa samu ba. Na ɗauki kaɗan, na bar ledar ta yi iyo a saman ruwa don zafinsu ya daidaita, na sake su cikin sauran. Ba a yi mako ba wata babbar mace cikin sabbin ta daina cin abinci, ta tsaya a saman ruwa tana lilo wuri ɗaya, fiffikenta a tsuke, leɓenta da fari. Na kira wanda ya sayar min.

"Alhaji, ai ɗigon nan ne," in ji shi. "Canjin ruwa ne ya taso da shi. Ka mayar da hitarka 30, ka sa gishiri, jibi za ka kira ni kana godiya."

Na ce masa farin a baki yake, ba a jiki ba. Ya ce ai duk ɗaya ne, fari fari ne.

A lokacin ruwan yana wajen 26 da kansa, sanyi ya soma janyewa. Na mayar da hita na murɗa ta 30 da daddare na kwanta. Da safe macen nan ta mutu, tare da wasu biyu da jiya lafiyarsu lau. Na ce a raina dama sun riga sun yi nisa, na bar hitar. Kashegari abin ya zama annoba. Na ɗauko tocilar waya na haska wani namiji da na fi so: bakinsa ya zaizaye har ba ya rufuwa, da wani farin abu mai gashi-gashi kamar kaɗa a leɓen, a gadon bayansa kuma, daidai gindin fiffiken sama, launi ya kwaile ya bar farin tabo da ya sauko gefe da gefe. Gefen wutsiyar ya yi fari ya soma yagewa. Babu ɗigo ko ɗaya. Ɗiyata ƙarama ce ke riga ni tashi, ita ke zuwa ta ce, "Baba, wani ma ya kwanta," ni kuma in ɗauko cokali in tsamo.

Wani abokina mai kiwon tarwaɗa a bayan gari ne ya leƙo gaisuwa, ya tsuguna gaban akwatin, ya dubi ma'aunin zafi, ya dube ni, ya miƙa hannu ya zare wayar hitar daga bango kafin ya ce komai. Sannan ya ce, "Malam, dafa su kake yi? Wannan ai ita ce ke kwashe mana ƴaƴan tarwaɗa in zafi ya kama."

Kolumnaris ke nan. Bakteriya ce mai suna Flavobacterium columnare, ba ƙwaro irin na ɗigo ba, ba kuma fumfuna ba ko da yake kamarta ke nan a ido. Tun 1922 aka fara bayaninta a Amurka, kuma sananniya ce wajen masu kiwon kifi a ruwan ɗumi. Zafi shi ne abincinta. Gwargwadon yadda ruwa ya haura 27, 28, gwargwadon yadda take yaɗuwa da kisa, mai tsananinta kan gama da kifi cikin yini ɗaya ko biyu, wani lokaci kafin farin ya fito ma, domin takan fara cin wurin numfashinsa a gefen kai. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai: a digiri 25 lita guda kan ɗauki iskar oksijin kusan miligiram 8.3, a 30 sai ta sauko wajen 7.5. Wato kifin da mashaƙarsa ke ruɓewa na ƙara wa cutarsa ƙarfi, na kuma rage masa iskar da zai shaƙa, duk da murɗa abu ɗaya.

Da na tsaya na kalli macen farko minti biyar da tocila, da na ga bambancin, domin ba ɓoyayye ba ne. Ɗigo ana iya ƙirga shi, kewayayye ne, girmansa ɗaya, kifin na soshe-soshe amma yana ci, kuma ba ya mutuwa a daren farko. Kolumnaris tabo ce marar iyaka, tana son baki da gadon baya da bakin wutsiya, kifin ba ya ci, mutuwa kuma a jere take zuwa. Kuma a nan garin lokaci ma shaida ne. Ɗigo ya fi kama kifina da sanyin Disamba da Janairu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce 40 kuma ruwan akwati ke kai 30 ba hita ba komai, duk farin da na gani kolumnaris nake fara zargi. Masu rubuta "ƙara zafi" suna zaune ne a ƙasashen da ruwan ɗaki ke kwana a 22. Mu nan matsalarmu ta rabin shekara ita ce yadda za a sauke shi.

Saukewar ita ce aikin da ya fi ba ni wuya, domin ana so ruwan ya dawo wajen 24 a hankali, ba a girgiza kifi ba. Na cire murfin akwati, na kafa fanka tana busa fuskar ruwa, busasshiyar iskarmu kuwa na taimakawa, takan rage digiri biyu zuwa uku. Amma da an ɗauke kuran fanka ta tsaya, injin da ke hura iska cikin ruwa ya tsaya. Na gwada ƙanƙara a cikin gora mai murfi tana iyo, sai dai sanyinta na sauka ne ya tashi cikin awa guda, abin da kifi mara lafiya ba ya so ke nan. Maiɗakina ce ta ce, "Ga randa can ba kowa ciki, ruwanta ai ba ya zafi." Tsohuwar randar ƙasa ce ta Mirriya da ke inuwar rumfa. Na ɗauraye ta ba sabulu, na cika da ruwan da ya kwana, na sa ma'auni: tana ƙasa da akwatin gilashi da ƴan digiri, kuma ba ta hawa da sauka tsakanin dare da rana. Nan na mayar da waɗanda suka rage, na rufe bakin da gidan sauro don kada su yi tsalle. Wahalarta ɗaya, ba ka ganin kifi ta gefe, sai ka tsamo shi cikin kofin gilashi ka duba. Daga ranar da suka shiga randa mutuwar ta ragu sosai.

Magani kuwa, gishirin nan na giram 3 a lita na bar shi, gupi na jure gishiri fiye da yawancin kifin ado, kuma yana rage wa bakteriyar kama jiki. Farin gishirin miya na sa, na guji kantu saboda gaurayen da ke cikinsa, kanwa kuwa ko kusa. Na kuma yi musu wanka da permanganat, jan maganin nan na parmasi da ake wanke gyambo da shi. Wanda na samu ƙwaya mai miligiram 500 ce. Na narka ɗaya a lita guda ta ruwa, na ɗebi mililita 80 da sirinji na zuba a bokitin roba mai lita 20, ya zama miligiram 2 a lita. Ruwan zai yi ruwan hoda, a bar kifi ciki kamar awa huɗu da iska tana tafiya, in sun fara kifewa a tsamo su nan take. Kada a zuba da ido, ƙona fata yake. Waɗanda bakinsu ya riga ya zaizaye ba su tashi ba, wanka a waje yake aiki, cutar kuwa ta shiga ciki. Na je wurin likitan dabbobi ya ba ni oksitetirasikilin, maganin kashe bakteriya, ya nuna min yadda zan cuɗa shi a abinci, domin in aka zuba shi cikin ruwa mai yawan alli ƙarfinsa raguwa yake. Masu ci sun amfana. Wanda ya daina ci babu yadda za a yi da shi.

Shuɗin maganin nan, metilen, da mai kifin ya aiko min daga baya a matsayin ban haƙuri, ban zuba shi a babban akwati ba, kuma na gode Allah. Yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson matatar ruwa, waɗanda ke cinye ammoniya, dafin da ke fitowa daga kashin kifi. Ammoniyar nan ma tana da hannu a abin da ya same ni. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, pampo ya yi kwanaki bai zo ba, bido kuma da kuɗi ake saye. In ruwa ya yi wuya sai mutum ya koma ciko kawai, abin da rana ta sha ya mayar. To ruwa ne ke tashi, datti da gishiri suna nan suna taruwa, kuma ammoniya ta fi dafi a ruwa mai zafi. Kifin da ke zaune cikin haka garkuwarsa ta riga ta yi rauni kafin baƙo ya shigo da cuta. Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu nake kwashewa kowane mako, lita 15, ƙasa da bido guda, in zuba wa shukar tsakar gida. Sabon ruwan kuma sai ya kwana a buɗe cikin bokiti warin jabel ya fita.

Da muka haɗu da mai kifin a Kasuwar Dole ya yi min jaje, ya ce ƙaddara ce, ya ce wani kaya na nan tafe daga Kano. Ban yi masa musu a kan ƙaddara ba. Na dai tambaye shi ko ya taɓa ganin ɗigo ya cinye leɓen kifi, sai ya yi dariya ya sauya zance. Har yanzu yana ba mutane shawarar 30 ɗin nan ta waya, na ji da kunnena.

Zan sake sayen kifi a hannunsa, domin ba mu da masu kawowa da yawa. Amma duk wanda ya shigo gidana yanzu, ko daga wa ya fito, sai ya yi mako uku zuwa huɗu a wani ƙaramin akwati daban, da ragarsa daban, ina haska bakinsa da bayansa da tocila safe da yamma, ina kuma duba duburarsa ko jajayen zaren tsutsar kamalanus sun leƙo, domin ita ma da baƙo take shigowa. Hitar kuwa tana cikin kwali a saman kabad daga ƙarshen Fabrairu, ba ta saukowa sai Nuwamba.